Tuzuran Tarbolton da walimar Burns

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla. Abu uku na zo da su, in lokaci ya bar mu.

Na farko, ƙauyen Tarbolton a yankin Ayrshire na ƙasar Sikotland. Ranar 11 ga Nuwamba 1780 samari bakwai suka hau benen wani gidan giya suka kafa ƙungiyar muhawara. Cikinsu akwai Robert Burns, ɗan manomi mai shekara 21, wanda daga baya ya zama babban mawaƙin ƙasar, da ƙanensa Gilbert. Sunanta Ƙungiyar Tuzurai. Tuzurai fa na ce, ban ce gwauraye ba, Malam na ga ka gyara zama.

Ku ji dokokinsu. Kada 'yan ƙungiya su wuce 16. Ana zama daren Litinin bayan kowane mako huɗu. Kada kowa ya kashe fiye da kwabo uku a zama guda, wato taro, tsofaffin cikinmu sun san kuɗin. Taro a wurin taro ke nan. Sannan wadda ta fi ba ni dariya: dole ka fito fili ka ce kana son mace, ɗaya ko fiye. Ko fiye! A rubuce yake.

Muhawararsu ta farko kuwa, wannan ita ce ta kawo ni nan yau. Saurayi ne manomi, ba shi da ko sisi, ga mata biyu. Ɗaya mai dukiya, ta iya riƙon gida, amma ba kyau ba daɗin hira. Ɗaya ga kyau ga hali ga baki mai daɗi, aljihu wayam. Wa zai aura? Burns ya tsaya wa marar kuɗin. Ku duba fa, yaran nan sun wuni suna bin garma, maimakon su kwanta sai su zauna da shugaba da ƙa'idar wanda zai fara magana, a kan wa za a aura. Ni a nan nake ganin ya koyi tsara magana a gaban jama'a. Da shugaba fa, da ƙa'ida!

Na biyu, ko na uku ne? Burns ya rasu a 1796 yana da shekara 37. A 1801 abokansa tara suka taru a gidan da aka haife shi a Alloway, suka ci abinci suka karanta waƙoƙinsa. Ƙungiyar masoyan Burns ta garin Greenock ta yi tata walimar ranar 29 ga Janairu, a zatonsu ranar haihuwarsa ke nan, sai a 1803 aka duba littafin coci aka ga ashe ranar 25 aka haife shi.

Na'am, Hajiya? Me ake ci? Haggis. Zuciya da hanta da huhun tunkiya ake daddatsawa da albasa da kitse da garin hatsi, a cusa a tumbi a dafa. A shigo da shi kan faranti ana busa algaitarsu mai jakar iska, wani ya miƙe ya yi masa kirari da waƙar da Burns ya rubuta masa, ya farke shi da wuƙa. Kayan ciki dai, Hajiya. Lokaci ya ƙare? To, a ba wancan yaron abin magana.