Yau na shiga na'urar MRI, kwamfuta ce ta fara auna zuciyata

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci, a tashar bas nake, yanzun nan na fito daga asibiti, ga sanyin Ingila ya fara kankama. Na so in shiga da ku har ciki, amma waya ba ta ƙetare ƙofar ɗakin nan, sai dai ku ji a bakina.

Masu bina sun san wata biyar ke nan da na haihu. Bayan suna da 'yan makonni na fara haki, in na hau bene sai na zauna na huta, ƙafafuna suka kumbura, da dare sai na tara filo uku kafin barci ya yiwu. Ni duk a zatona gajiyar jego ce. Da aka duba, suka ce tsokar zuciyata ta yi rauni, aka ɗora ni kan magani, aka rubuta min MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu.

Tun daga ƙofa ma'aikaciyar ta raba ni da duk wani ƙarfe. Ɗan kunne, zobe, fil ɗin mayafi, har kwallin idona ta miƙo min auduga ta ce in goge, wai wani kwallin da ƙarfe a cikinsa. Maganaɗisun na'urar ba a kashe shi, dare da rana a kunne yake, kuma ƙarfinsa ya ninka na ƙasar da muke takawa kusan sau 30,000. Abin da ya kwantar min da hankali, ba ta aiki da irin hasken nan na hoton ƙashi.

Suka manna min wayoyi a ƙirji don na'urar ta riƙa bin bugun zuciya, suka toshe min kunne, suka damƙa min wata 'yar roba in matsa idan na ji ba daɗi. Sai gadon ya sulale ciki. Wallahi 'yan uwa, kabari ne ya faɗo min a rai. Na runtse ido na kama hailala. Ƙara kuwa kamar an kwantar da ke kusa da injin niƙa. Can sai murya a kunnena: ja numfashi, sauke, riƙe. Zuciya ba ta tsayawa a yi mata hoto, shi ya sa ƙirji ake tsayarwa. Ga mai haki irina, riƙe numfashin nan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma sai da na daina ƙirga sau nawa aka maimaita. Ana tsaka da haka suka ɗura min ruwan gadolinium ta jijiya, shi ne ke tona inda tsoka ta yi tabo.

Da na fito na roƙi ma'aikaciyar in leƙa, kun san ni da son ganin ƙwaƙwaf. Ga zuciyata a kwamfuta tana matsewa tana saki, an zagaye ta da layi biyu, ja daga ciki, kore daga waje. Na ce wa ya zana wannan har ya gama? Ta ce ba kowa, AI ne, wato ƙirƙirarriyar basira. Da layukan nan ake lissafa yawan jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu. Ta mai lafiya takan tura fiye da rabin abin da ke cikinta. A da likita ne ke zama ya zana su da hannu, hoto bayan hoto. Wani bincike da aka yi a nan Ingila a 2019 ya nuna aikin da ke cin ƙwararre minti 13, kwamfuta ta gama shi cikin daƙiƙa 4, kuma ba ta fi shi kuskure ba.

To amma ni tun a gida na yi ɗan karatuna, akwai abin da ya tsaya min. Kwamfutar nan da hotunan mutane take koyo. Babban rumbun da masu bincike ke ɗiba shi ne UK Biobank, wanda ya ɗauki mutum 500,000 tsakanin 2006 da 2010, a 2025 kuma ya cika mutum 100,000 da aka yi wa hoto. Sama da 90 cikin 100 na mutanen nan Turawa ne. A 2021 masu bincike a King's College da ke Landan suka gwada, suka ga kwamfutar da ta koya daga irin waɗannan hotuna ta fi zana zuciyar Bature daidai a kan ta baƙar fata. Da suka daidaita hotunan da ake koya mata, sai ratar ta ragu. Shi ya sa na tambayi ma'aikaciyar, wa ke duba bayan kwamfutar? Ta ce sai likita ya bi layukan ya gyara kafin ya sa hannu. Sannan na ji sanyi.

Abin da ya fi ci min rai, ciwon nan namu ne. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da raunin zuciya na bayan haihuwa ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, suna zargin kunun kanwa da zafin wankan jego na ƙara wa zuciya nauyi. Matan da aka fi samu da shi su ne hotonsu ya yi ƙaranci a rumbunan nan.

Kanwar da Hajiyarmu ta aiko min ma tana nan a leda, ban taɓa ba, kuma har yau na kasa faɗa mata. Duk waya sai ta ce, "Kina dai shan kununki ko?" in ce, "Hajiya, ana nan ana fama." Wadda ta san dabarar faɗa wa uwa irin wannan magana ba tare da ta ji an raina ta ba, don Allah ta taimaka min.

Sakamako sai likita ya neme ni. Ga bas ɗina nan ya iso, na bar maigida da jaririya tun safe, na san yanzu ta ishe shi da kuka. Sai an jima.