Amsoshin Tambayoyinku: Daga Ƙauyen Grise Fiord Zuwa Ottawa A Jirgin Sama

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙar farko yau daga wani mai sauraronmu ce, yana cewa ya ji labarin wani ƙauye can ƙuryar arewacin Kanada wai shi Grise Fiord, shin nisan nawa ne daga nan zuwa Ottawa babban birnin ƙasar in za a bi ta sama, kuma awa nawa ake yi?

To malam mun gode da wannan tambaya. In ka ja layi miƙe a taswira daga ƙauyen zuwa Ottawa za ka samu kusan kilomita 3,500 ne, wanda babban jirgi zai cinye shi cikin awa biyar ko ƙasa da haka. Amma fa babu jirgin da ke yin wannan tafiya kai tsaye. Ƙauyen yana tsibirin Ellesmere ne a yankin Nunavut, mutum 144 aka ƙirga a wurin a ƙidayar 2021, filin jirginsu tsakuwa ce ba kwalta ba, tsawonsa kuma bai fi mita 500 da ɗan wani abu ba, ga duwatsu sun tsaya a bayan gari, to ka ga babban jirgi ina zai sauka? Sai ƙaramin nan mai farfela biyu da ake kira Twin Otter.

Shi zai ɗauke ka zuwa wani ƙauyen da ake kira Resolute, kusan kilomita 380, wajen awa ɗaya da rabi. Daga can ka canja jirgi zuwa Iqaluit hedikwatar Nunavut, sama da kilomita 1,500, sannan ka kama na Ottawa, kilomita 2,000 da ɗoriya cikin kamar awa uku. Duka-duka tafiyar ta kai kilomita 4,000 ke nan. Kuma jirgin ƙauyen ba kullum yake zuwa ba, in hazo ko iska ta taso sai a soke tashi mutum ya zauna jira, shi ya sa tafiyar da a lissafi ba ta cika yini ba takan ci kwanaki. Ni abin da ya fi taɓa min zuciya marar lafiya ne, ko mai ciki da za a fitar zuwa babban asibiti, musamman daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu lokacin da rana ba ta fitowa sam.

Wata baiwar Allah ma ta aiko da makamanciyar tambayar, tana cewa me ya hana mutanen ƙauyen bin mota? Malama ai hanyar ce babu, duk faɗin Nunavut babu titin da ya haɗa wani gari da wani. Kaya masu nauyi jirgin ruwa ne ke kawo musu sau ɗaya a shekara in ƙanƙara ta saki teku, sauran duk ta sama, abin da ya sa kayan masarufi ke tsada sosai.

Kuma kar a ce su suka zaɓi nisan nan. A 1953 gwamnatin Kanada ce ta kwaso iyalan ƙabilar Inuit, yawancinsu daga Inukjuak a arewacin lardin Kwibek, ta ajiye su a wannan yanki, sun sha yunwa da sanyi ba kaɗan ba, sai a 2010 ta fito ta nemi gafararsu.

Bari mu duba wasiƙa ta gaba.