Tukunyar Jinja Ta Huce Kafin La'asar

Jama'a, ku matso ku gani! Tukunyar nan lita 20 ce, bayan azahar na sauke ta tana tafarfasa, ga shi ba a kira la'asar ba na dafa gefenta da tafin hannu. Wallahi daɗi ya cika ni. Duk mai dafa jinja ta sayarwa a Agege ya san wahalar: ka sauke da yamma, ka kwana kana jira ta huce, wuta kuma an ɗauke.

Wannan naɗaɗɗen abin shi ne maganin. Bututun jan ƙarfe ne, irin na masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, mita 15. Ya ci min kusan dubu 40, ban yi da-na-sani ba. Na toshe baki ɗaya, na ɗura busasshen yashi har ya cika, sannan na naɗe shi a jikin bokitin fenti a hankali, daga baya na buɗe bakin na zazzage yashin. Kar ka lanƙwasa shi babu komai a ciki, zai toɓare, ruwa ya ƙi wucewa. Bakin nan biyu na ɗago su sama suka leƙo waje, na sa tiyo na ɗaure tamau, don ko ɗigo kada ya faɗa cikin tukunya.

Saura minti 15 in sauke nake tsoma shi, tafasar ta kashe ƙwayoyin cuta. Sai in kunna famfo. Ruwan sanyi ya shiga nan, ya zagaya, ya fito can da zafi, matar gida ta tara ta yi wanke-wanke. Jan ƙarfe ya fi silba, wato ƙarfen nan da ba ya tsatsa (stainless), saurin ɗaukar zafi fiye da ninki 20. Masu dafa giya a Turai da Amurka ne suka saba da dabarar, mu kuwa citta da kanumfari da masoro muka sa ta yi wa aiki.

Saurin na da dalili: tsakanin digiri 60 zuwa 5 ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Sai dai ruwan tankin Legas kansa ɗumi gare shi, don haka a ƙarshe ruwan ƙanƙara nake turawa da ɗan ƙaramin injin famfo. Kai, ina ma Kano lokacin hunturu! Randar Hajiyarmu a gindin darbejiya, ka ɗebo da moɗa haƙori ya riƙe. A nan iska cike take da danshi, randa ba ta yin wannan sanyin.

'Yan uwana masu zoɓo, ku ji ni da kyau: kar ku sa wannan a zoɓo ko ruwan tsamiya. Tsami na cin jan ƙarfe, ya narke cikin abin sha, mutum ya yi ta amai da ciwon ciki. Ku nemi na silba. Ni ma lemun tsami sai na zare bututun nake matsawa. In kuma kun ga kore-kore a jikinsa, ku goge da lemun tsami da gishiri, ku ɗauraye sosai kafin ya sake shiga tukunya.