Tukwicin gidan abinci: hannun wa ya kamata ya shiga?

Jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka.

Duk mai cin abinci a waje a nan Yamai ya san abin. An kawo maka takardar kuɗi, ka biya, ka bar dala ɗari a kan faranti, ka ce wa yarinyar da ta yi ta zirga-zirga a kanka, "Ga na ruwa." A gidajen abinci da dama, kuɗin nan ba ya kwana a hannunta. Akwai wani gwangwani kusa da akwatin kuɗi, can ake jefa shi, manaja ne kuma ke buɗewa bayan an tashi, ya raba yadda ya ga dama, ya cire nasa kason. Yanzu da ake biya ta waya ma abin ya fi ɓacewa, domin kuɗin abinci da na kyauta duk lamba ɗaya suke faɗawa.

Wasu ƙasashen sun daɗe da raba wannan gardama. A Amurka, tun 2018 dokar ƙwadago ta hana mai gidan abinci da manajansa taɓa tukwicin ma'aikata. An bar wa manaja ƙofa ɗaya: idan shi kaɗai ya yi wa baƙo hidima, baƙon ya miƙa masa hannu da hannu, to wannan halaliyarsa ce. Kada mu yi mamakin tsananin nan. Dokar tarayya a can ta yarda a biya mai kai abinci dalar Amurka 2.13 kacal a awa, tukwici ne ke cike sauran. Birtaniya ta bi sahu a watan Oktoban 2024, ta wajabta a miƙa wa ma'aikata kuɗin gaba ɗaya, a kuma ajiye lissafin rabon na shekara 3.

Manajoji za su ce ai su ma ma'aikata ne, su ke shan faɗan baƙo idan miya ta yi sanyi. Ba ƙarya suka yi ba. Sai dai manaja shi ke tsara wanda zai yi aikin dare, shi ke iya cewa gobe kada ka zo. Wace yarinya ce za ta dubi idon mai wannan iko ta ce a ƙirga gwangwani a gabanta? An ba kura ajiyar nama ke nan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai gidan da ke rage albashi, yana cewa ai kana samu wajen baƙi. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne tun watan Janairun 2024, kuma wannan nauyi ne a wuyan wanda ya ɗauki ma'aikaci. Kyautar baƙo ba ta sauke masa shi ba.

Saboda haka a zube gwangwanin a kan tebur kowane dare a gaban kowa, har da masu wanke-wanke da baƙo ba ya gani, a rubuta a littafi. Jami'an sa ido kan ƙwadago kuma, idan sun shiga zagaye, su nemi littafin nan tare da na albashi.