Mace a "Gidan Maza": Hira Kan Matan da Ke Tsare

Sani: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau Anti Rabi ce ta zo da batun, kuma tun kafin a kunna na'ura ta fara yi mini jarrabawa. Anti, maimaita tambayar masu sauraro su ji.

Rabi: Cewa na yi, Malam, me Bahaushe ke kiran kurkuku idan yana so ya sakaya?

Sani: Gidan maza.

Rabi: To ka ji. Macen da aka kai can fa, gidan wa aka kai ta?

Zainab: Ai kuwa ko a lissafi haka abin yake, Anti. A cikin mutum ɗari da ke tsare a Najeriya, mata ba su wuce biyu zuwa uku ba. Saboda ƙarancinsu sai a manta da su. Gidajen da aka ware wa mata zalla ba su taka kara sun karya ba, wanda aka fi sani shi ne na Kirikiri a Legas. Sauran wurare, ɓangare ne kawai ake yanka musu a cikin gidan da aka gina don maza.

Sani: Amma ai an gyara doka. A watan Agustan 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu, aka daina cewa gidan yari aka koma gidan gyaran hali.

Zainab: An gyara, Malam, kuma in ka karanta sai ka ji daɗi. Sashe na 34 kan mata ya yi magana. Ya ce kowace jiha a ware musu wurinsu, a tanadi wurin renon jarirai, a kula da awon ciki, a ba su audugar al'ada. Ya ce a yi wa mace gwajin ciki idan aka kawo ta, kada ya wuce kwana 14. In kuma daga baya ciki ya ɓullo tana tsare, a yi bincike har da gwajin ƙwayar halitta, a gurfanar da mai shi.

Rabi: Wanda ya rubuta wannan layin ya san abin da ya gani.

Zainab: Sosai. Kuma ba daga sama aka tsinto shi ba. Tun a Disambar 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Ƙa'idojin Bankok, guda 70, kan yadda za a riƙe mata fursunoni. Wata gimbiya ce daga gidan sarautar Tailan ta tsaya kai da fata a kai.

Rabi: To bari in sauko da ku daga takarda. Akwai wata maƙwabciyarmu, ba zan faɗi suna ko unguwa ba. Uwar adashi ce. Mutum biyu suka kwashi kuɗi suka daina zubi, ita kuma ta rasa abin da za ta ba masu jiran ɗauka. Aka kai ƙara, maganar bashi ta rikiɗe ta zama zamba cikin aminci. Tana goyon wata bakwai aka tafi da ita.

Sani: Alhali dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan rikicin bashi ko na ciniki.

Rabi: Wa ya gaya mata? Ni na riƙa kai mata abinci ran ziyara. Sai ganduroba ta buɗe kular, ta juya tuwon da cokali, ta ce in ɗanɗana a gabanta, sannan a shiga da shi. Ranar farko na yi zaton maƙwabciyar tawa za ta ce in nemo mata lauya. Wallahi Zainab, abin da ta raɗa mini shi ne, "Yaya, sabulu da auduga, sai zanen goyo." Zanenta ɗaya, shi take wankewa ta shanya ta zauna jira ya bushe, yaron na cinyarta.

Zainab: Allah sarki. Kuma shi yaron, ƙa'ida ita ce ya zauna da uwarsa muddin yana shan nono, har zuwa wata 18. Bayan nan dangi su karɓa.

Rabi: In sun zo ke nan.

Sani: Anti, bari in ɗan tsaya wa hukuma, kada a ce mun taru mun yi mata rubdugu. Ana koyar da sana'a a ciki: ɗinki, saƙa, kitso, haɗa sabulu da man shafawa. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana koyar da fursunoni kyauta, akwai waɗanda suka yi digiri a tsare. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Zainab: Ban musa ba. Amma kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan zaman jiran shari'a suke yi. Wadda aka yanke wa shekara biyu ta san lissafinta, za ta iya zama gaban keke ta koyi yanka da haɗi. Wadda kullum ake ce mata an ɗage zama zuwa wata mai zuwa, da wace zuciya za ta koyi ɗinki? Hankalinta na ƙofa.

Sani: Beli fa?

Zainab: Nan ma akwai abin da mutane ba su sani ba. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ce ba a hana mutum tsaya wa wani beli don kawai mace ce. Amma har yau za ka ji ana cewa a kawo namiji mai gida. Ita kuwa wadda ke ciki, galibi uwarta ce ko yayarta ke jeka-ka-dawo a kanta.

Rabi: Mazan gidan sun ce ta ja musu abin kunya. Ka lura, Malam, namiji in ya fito daga gidan yari, matarsa na nan, ta yi masa girki, abokai su zo jaje, a ce ƙaddara ce. Ita tawa maƙwabciyar, wata na uku da shigarta aka aiko mata da takardar saki. A can ta yi idda.

Sani: Innalillahi. A gidan yarin?

Rabi: A can. Shi ya sa in ana maganar gyaran hali nake cewa a tambayi ranar fitowa. An buɗe ƙofa, ga mace da leda a hannu da yaro a baya. Ina ta nufa? Ɗakinta an sa wata. Masu sayen kayanta sun watse. Ko ta iya ɗinkin, wa zai ba ta atamfarsa, ana cewa 'yar gidan yari ce?

Zainab: Shi ya sa ni na fi ganin amfanin ɗaya ɓangaren dokar 2019, wanda ba a cika magana a kai ba: hukuncin da ba na ɗauri ba. Aikin al'umma, sa ido a kan mai laifi yana gidansa, sulhu tsakanin mai ƙara da wanda ake ƙara. Mace mai goyo da ta ci kuɗin adashi, a zaunar da ita da masu kuɗin a tsara yadda za ta biya. In an kulle ta, su ma ba su ga kuɗinsu ba.

Sani: Kuma tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi ma suna da hurumin kafa nasu gidajen gyaran hali, don haka gwamna ba zai ce aikin Abuja ne kaɗai ba. A ƙarshen shekarar ne kuma ministan cikin gida, Tunji-Ojo, ya tara naira miliyan 585 aka biya wa mutum fiye da 4,000 kuɗin tarar da aka ci su, suka fita. Mutane ne da ƙaramin kuɗi ya riƙe.

Zainab: Wanda ke da 'yar uwa a ciki kuma ba shi da kuɗin lauya, ya nemi ofishin hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, ko ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA. Ba a biya.

Sani: Anti, ba ki ƙarasa mana ba. Ita baiwar Allahn ta fito?

Rabi: Bayan wata takwas. Wani ɗan uwan mahaifiyarta ya sayar da tumaki biyu aka sasanta. Ba ta dawo unguwarmu ba, ta koma wurin gwaggonta. Mu biyar muka haɗa mata kuɗin kasko da mudu huɗu na wake. Yanzu ƙosai take soyawa a bakin wata tasha, yaron har ya fara gudu. Da na je gaishe ta, ta cika mini leda ta ƙi karɓar kuɗi, sannan ta riƙe hannuna ta ce kada in gaya wa matan layin inda na san ta.