Yadda hatsi ke ƙamshin cakulan, ganye kuma ya sanyaya baki

Assalamu alaikum jama'a. Yau muna wani ƙauye a gefen Ringim, a tsakar gidan Innata. Abin da kuke gani shanye a kan tabarmar nan tsiron dawa ne. Ku riƙe shi a rai, za mu dawo kansa.

Makon jiya ƙanena ya turo mini wani bidiyo. Wani Bature ne ya tsiyaya abu baƙi wuluk a kofin gilashi, kumfa ruwan ƙasa ta taso, ya shinshina, ya kurɓa, ya lumshe ido, wai yana jin cakulan da na'ana'a. Yaron ya ce, "Yaya, wannan gahawa ce ko maltina?" Ba ko ɗaya. Giya ce, irin wadda suke kira stout. Ban taɓa sha ba, ba kuma zan sha ba. A Kano da Jigawa ko kwalbar aka gani a hannunka, kai da Hisba ne. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne: ina hatsi ya samo ƙamshin cakulan? Amsar ba ta cikin barasar, tana cikin kasko.

Asalin wannan baƙar giya birnin Landan ne, shekara kusan 300 da suka wuce. 'Yan dako ne suka fi shan ta, har aka laƙa mata sunansu da Turanci, porter. Wadda ta fi ƙarfi a cikinta ita aka kira stout. A 1759 Arthur Guinness ya karɓi hayar wata masana'anta a Dublin ta ƙasar Ailan, yarjejeniyar shekara 9,000, kamar wanda aka yi wa alkawarin ba zai mutu ba. Kamfaninsa na Guinness, mai yin irin wannan baƙar giya, ya kafa masana'anta a Ikeja a 1962. Da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, sai kamfanonin giya da na lemon malt suka koma kan dawa da masara. Wato tirelolin dawar da ke tashi daga kasuwanninmu zuwa Kudu, ba duka ne ke ƙarewa a tukunyar tuwo ba.

To mene ne tsiro? Idan ka jiƙa hatsi ka lulluɓe shi, ƙwayar za ta ɗauka damina ta faɗi. Sai ta saki wasu sinadarai da ke narkar da garin cikinta ya koma sukari, don ta ciyar da ɗan tsiron. Kafin ya cinye, sai ka shanya a rana ka tsayar da shi. Masu kunun zaƙi sun san wannan tun kafin a gina Ikeja. Masu burkutu ma da shi suke farawa. Inda hanya ta rabu shi ne yis: shi ke cin sukarin ya mai da shi barasa. In babu yis da jira, abin da ke hannunka ruwan hatsi ne mai zaƙi.

Baƙin kuwa daga wuta yake. Idan zafi ya haɗa sukari da sinadarin gina jiki da ke cikin ƙwaya, launi yana juyawa, ƙamshi ya tashi. Wani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana wannan a 1912, amma mai tsire da mai gurasa da mai suyar gyaɗa kullum shi suke yi. Mu da kalma ɗaya muke kiran sa: gardi. A 1817 wani Ba'ingile, Daniel Wheeler, ya ƙera ganga mai juyawa a kan wuta don a gasa tsiro ya yi baƙi ba tare da ya zama gawayi ba. Akwai irin da ake gasawa a zafin da ya haura digiri 200, suna ce masa tsiron cakulan, alhali ko ƙwayar koko babu a ciki. Dalili shi ne 'ya'yan koko ma gasa su ake yi, kuma wuta tana fitar da ƙamshi mai kama da juna a dukansu. Kokon Ondo da Kuros Riba nake nufi, ba wanda ake sha da ƙosai ba.

Ƙananan masu haɗa giya a Turai da Amurka su ne ke ƙara ɓarzajjen koko na gaske, da ganyen na'ana'a, wani lokaci da sukarin madara, wanda yis ba ya iya ci, shi ya sa zaƙi da kauri ke saura.

Na'ana'a kuwa yaudara take yi. A cikinta akwai mentol, wanda ke cikin alewar Tom Tom da man zafi. A jijiyoyin baki da fata akwai wata 'yar ƙofa, masana suna kiran ta TRPM8, aikinta ta gaya wa ƙwaƙwalwa an shiga sanyi. Mentol yana ƙwanƙwasa wannan ƙofa, ƙwaƙwalwa ta yarda, alhali zafin bakinka bai ragu ko kaɗan ba. Sha Tom Tom ka bi da ruwan randa, za ka rantse daga firji ya fito. Barkono ma haka yake yi ta ƙofar zafi, wadda ke buɗewa a wajen digiri 43. David Julius da Ardem Patapoutian ne suka gano ƙofar sanyin a 2002, kowa a ɗakin bincikensa, kuma sun karɓi kyautar Nobel a 2021.

Yanzu mu koma kan tabarma. Na ce wa Inna ta ara mini kasko, mu haɗa namu abin sha marar barasa da tsiron dawar nan. Zubin farko na bar shi na tafi gyara kyamara, na dawo gida ya cika da ƙauri. Ta ce, "Ɗan nan, suya ba ta son mai waya a hannu," ta karɓe muciyar. Wuta kaɗan, juyi ba tsayawa, har dawar ta koma launin dabinon da ya bushe. Muka ɓarza a turmi, kofi biyu na gasasshe, kofi biyu na wanda ba a gasa ba don zaƙi, muka bar shi cikin ruwan zafi wajen awa ɗaya, muka tace, muka tafasa da cokali biyu na garin koko da ɗan mazarƙwaila.

Na'ana'ar sai bayan an sauke. In ka tafasa ta, ƙamshin ya bi tururi, bauri ya saura. Kuma kada hannu ya yi nauyi. Ko masu ɗanɗana waccan giyar babban ƙorafinsu ke nan: in ganyen ya yi yawa, sai ka ji kamar makilin kake sha. Ganye goma, minti biyar, muka tsame.

Ga shi ya huce. Hanci ne ke fara gamuwa da na'ana'ar. A harshe zaƙin tsiro ne a gaba, sai gardi, sai ɗacin koko can baya wajen maƙogwaro. Sanyin ba ya zuwa sai ka haɗiye ka ja numfashi. Kumfa dai babu, kuma bai kai na bidiyon baƙi ba.

Gargaɗi ɗaya: a shanye a ranar. Ruwan tsiro in ya kwana a zafin nan namu, yis ɗin da ke cikin iska ba ya neman izini, kun san yadda kunun zaƙi ke juyawa.

Na miƙa wa Inna. Ta kurɓa, ta yi shiru, ta sake kurɓa. Ta ce, "Ba laifi. Amma da ka sa citta." Sannan ta zuba sauran a kwanon sha ta rufe, wai na Malam ne in ya dawo daga gona.