Amsoshin Tambayoyinku: Kircin da ya ƙi jin magani

Jama'a barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko yau daga wata baiwar Allah ce a Funtuwa, tace mahaifinta shekara 9 kenan yana fama da kirci a cinya da ɗuwawu, an sha man shafawa na kemis har an gaji, ya lafa ya dawo, yanzu kuma wajen ya yi kauri ya fara tasowa kamar ƙurji. Tana tambaya wai kirci yana iya komawa kansa, wato cutar daji?

To 'yar uwa sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya. Yawancin masu kirci har su tsufa ba abinda zai same su, kar hankalinki ya tashi. Amma akwai wata cutar daji ta fata da ba kasafai ake samunta ba, likitoci na ce mata maikosis fungoidis, wani likitan Faransa Alibert ne ya fara bayaninta a 1806. Daga ƙwayoyin jinin da ke kare jiki take tasowa, kuma abin da ke ban takaici da ita shine a farko sak kirci take, ƙaiƙayi da bushewar fata da saɓa, mutum sai ya yi shekaru ana masa maganin abinda ba shi ke damunsa ba. Tafi son wuraren da rana bata taɓawa, ɗuwawu, cinya, ƙasan mama. A fatar mu baƙa ma wani lokacin tabo take yi fari-fari, sai ace kyasbi ne ko a tsorata ace kuturta. Ba a ɗaukarta, ku ci abinci kwano ɗaya da shi.

Abinda ya tsaya min a rai a wasiƙarki shine kaurin nan da tasowar. Dan Allah ku kai shi wajen likitan fata, asibitin koyarwa na ABU da ke Shika a Zariya ba shi da nisa daku, ko asibitin Malam Aminu Kano. Za a yanki ɗan tsokar fata ƙarami a duba a lab, kuma in na farko bai nuna komai ba kar ku ce shikenan, sau da yawa sai an maimaita. Ki duba hammatarsa da matsematsi ko akwai kaluluwa ki faɗa wa likita. Ki kwashi duk kwalayen man da ya shafa ki tafi dasu, don masu sitiroyid (sinadarin rage kumburi da ƙaiƙayi) a ciki suna ɓoye cutar, shi yasa likita kan ce a dakata da shafawa kamar sati 2 kafin gwajin. In an kama ta da wuri ana samun sauƙi sosai da man shafawa na asibiti da gashin wani haske na musamman.